Rantsuwar Soja: Tsakanin Littafi da Zuciya

Matashin da ya bar Fassi a ƙaramar hukumar Kibiya ya nufi Defo ta Zariya, wadda ke horar da kuratan soja tun 1924, zai sha rana, ya sha fareti, a aske masa kai tas. Amma ba ya zama soja sai ya yi rantsuwar biyayya ga Tarayyar Najeriya. Musulmi ya yi alwala ya riƙi Alƙur'ani gaban limamin bariki, Kirista ya riƙi Baibul gaban fada ko fasto.

Al'adar tana da tushe. Tun dakarun Hausawa da wani Bature mai suna Gulofa ya tara a Legas a 1863, Turawa sun gane cewa wanda za a miƙa wa bindiga sai an ɗaure shi da abin da yake tsoro. A zamaninsu mai bin addinin gargajiya da ƙarfe yake rantsewa. Bahaushe kuwa bai ɗauki rantsuwa da wasa ba: ya san wanda ya yi ta kan ƙarya sai ta ci shi, wanda ya karya ta kuma sai kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su, in ba hali ya yi azumin kwana uku. Wannan tsoron shi hukuma ke jingina da shi.

Sai dai ƙasar Rano da Kibiya ba Musulmi kaɗai ke cikinta ba. Akwai Hausawa Kiristoci, akwai kuma Maguzawan da ke kan al'adar kakanni. Rundunar soja tana da sashen limamai, da na Katolika, da na sauran Kiristoci. Ɗan Bamaguje fa, wane layi zai bi? Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin addini, sashe na 10 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, Dokar Rantsuwa ta 1963 kuma ta yarda mutum ya yi alkawari da bakinsa ba tare da littafi ba. Amma kurtun da kofur ke yi wa tsawa da wuya ya ɗaga hannu ya nemi wannan haƙƙi. Sai ya bi ayari, ya rantse da abin da bai yi imani da shi ba, rantsuwar ta tashi a fanko.

Amurka ta ɗanɗana wannan. A 2014 rundunar sojan samanta ta hana wani soja a Nebada sabunta aikinsa don ya ƙi ambaton Allah a rantsuwa. Da magana ta yi zafi, ta janye, ta bar wa kowa zaɓi.

A gida ma tarihi ya nuna iyakar abin. Hafsoshin da suka yi juyin mulki a 1966 da 1975 da 1983 da 1985 duk sun taɓa rantsuwa. Littafin bai riƙe hannunsu ba.

Saboda haka gyaran ba soke rantsuwa ba ne, domin ga mai imani ita ce linzami. Abin da ya dace shi ne tun ranar ɗaukar kurata a bayyana wa kowa cewa hanyoyin uku ne, Alƙur'ani ko Baibul ko alkawari da baki, kuma ba wanda za a yi wa kallon bare don ya zaɓi ta ukun. Ranar da wuta ta buɗe a Sambisa, abokin ramin ɗan Fassi ba zai tambaye shi da wane littafi ya rantse ba. Abin da zai duba shi ne ko zai tsaya.