Tsohon Gidan Gona: A Rushe Ko A Gyara?

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa bin hanyar Kazaure zuwa Roni ya san ƙasar nan ba ta rasa dutse ba. Tuddai ne jere da juna, gona kuwa a waɗansu wurare sai an tsince duwatsu an tara su a kan iyaka kafin garma ta shiga. Haka abin yake a sassa da yawa na Gwiwa. Sai mutum ya nausa gabas wajen Babura ne zai iske rairayi ya rufe ko'ina, dutse ya zama abin nema. Domin haka maginan dā na yankin tuddai suka riƙa jera dutse a gindin gini, su ɗora tubali a bisansa, su rufe da azara. Irin waɗannan gidaje suna nan har yanzu a bayan gari da cikin gonaki, waɗansu da mutane, waɗansu kuwa awaki ne ke kwana a ciki.

Bayan daminar 2022, wadda ta kayar da gidajen ƙasa masu yawa a Jihar Jigawa, wata ƙungiyar manoma a ƙasar Roni ta kira mu shawara. Suna bukatar wurin ajiye hatsi da iri da takin zamani, gama kowace shekara da kaka sukan sayar da amfaninsu da araha don rashin inda za su ajiye. Ɗaya daga cikinsu ya ce ga gidan gonar kakansa can a zaune ba kowa, tun da iyalin suka koma bakin titi. Zaure ne da soraye biyu. Rufin soro ɗaya ya rufta, wani ɗan cediya ya tsiro a kan katanga.

Taron ya rabu biyu. Matasa suka ce a rushe, a sayi bulo a yi gini irin na zamani. Dattawa suka ce ginin da ya riga iyayensu zuwa duniya, ya kuma tsaya a daminar da ta kayar da sababbin ɗakuna, ba a rushe shi da garaje. Ma'aji dai bai ce uffan ba, sai ya buɗe littafin asusu ya karanta abin da ke ciki. Kuɗin ba zai kai sabon gini ko bakin taga ba. A nan gardama ta yi sanyi, aka yarda a je a duba gidan tukuna.

Abin da muka tarar

Mun tafi da wani tsohon magini na garin, wanda ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Bai ko ɗaga kai ya dubi rufin da ya faɗi ba. Gindin bango ya nufa, ya tsuguna, yana ƙwanƙwasawa da ƙotar fartanya. Harsashin dutse ne da aka jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya taso sama da ƙasa har wajen gwiwar mutum. Wannan shi ne ya ceci gidan. Bangon ƙasa daga gindi yake mutuwa: ruwan da ke fantsama daga ƙasa da danshin da ke hawowa su ne ke cinye shi har ya yi ƙugu ya kife. In dutse ne a wurin, ruwa ya buga ya koma.

Ɓarna mafi muni tana bangon gabas, inda hadari yake bugowa. Abin da ya ba matasa mamaki shi ne, wannan bango kaɗai aka taɓa shafa wa siminti. Daga waje ya fi sauran kyau. Amma da maginin ya buga, sai ya yi ƙara kamar ganga. Ya ɓamɓare wani yanki, muka ga ƙasar da ke baya ta zama gari, gara ta yi hanyoyinta a ciki ba wanda ya gani.

Kuskuren siminti

Lalle ne mu faɗi gaskiya a nan. Mu kanmu, a shekarun baya, mun sha ba manoma shawara su shafe ɗakunansu na ƙasa da siminti don su huta da yaɓen shekara-shekara. Shawarar ba ta yi kyau ba, mun kuwa ga sakamakonta a gidaje da dama.

Ga dalili. Ƙasa tana shan danshi da damina, ta sake shi da rani. Tana ɗan kumbura, tana ɗan tsukewa. Siminti ba ya yin haka tare da ita, domin haka bayan 'yan shekaru sai ya rabu da bango, ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, amma ba shi da hanyar fita, gama siminti ya tare iska da rana. Sai bangon ya ruɓe a ɓoye. Mai gida yana ganin fuska lafiya lau, ran nan da tsakar dare ruwa na zuba, bango ya zame gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa kuwa in ya lalace a fili yake lalacewa, kowa na gani, yaro ma ya iya cike shi.

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A Ingila, inda gidajen gona na dutse suke da yawa, an gina tsofaffin ne da kwaɓin farar ƙasa da yashi, wanda yake barin danshi ya fita. Da siminti ya yawaita aka riƙa cusa shi tsakanin duwatsun, sai ɗakuna suka kama laima, dutse mai taushi ya fara ɓarɓashewa. Yanzu masu gyaran irin waɗannan gidaje ƙwaƙule simintin suke yi, su mayar da farar ƙasa. Tun 1877 wani mutum mai suna William Morris da abokansa suka kafa ƙungiya a can don kare tsofaffin gine-gine, koyarwarsu kuwa ita ce a riƙa ƙaramin gyara a kai a kai da irin kayan da aka yi ginin da su, kada a kware tsohon abu a sa sabo a ce an gyara.

Aikin ya fara daga ƙasa

Kafin a taɓa bango, ruwa aka fara nema wa hanya. Shekara da shekaru shara da kashin awaki sun taru a jikin gidan har sun binne rabin harsashin ta yamma. Aka yi gayya aka kwashe, takin ya tafi gonar ƙungiya. Aka gyara ƙasar ta gangara nesa da bango, aka haƙa 'yar magudana ta bi bayan gida. Ɗan cediyar nan aka sare shi, aka bi saiwoyinsa a hankali aka zare, domin in an fizge da ƙarfi sai ya taho da tubali.

A kusurwar da duwatsu suka goce, maginin ya sa aka tokare bangon da itatuwa. Ya ɗauki gawayi ya sa wa kowane dutse alama kafin a cire shi, don ya koma inda ya fito. Wani saurayi ya tambaye shi amfanin wannan wahala, tun da ga dutse nan birjik a bayan gida. Ya amsa masa cewa wanda ya jera su tun farko ya riga ya gwada kowanne ya sami mazauninsa, ba shi da dalilin sake wannan aiki. Ƙa'idarsa ba ta da wuya: faffaɗan gefe a ƙasa, dutse ɗaya ya hau kan mahaɗar biyu, a kuma riƙa sa dogo yana ratsa kaurin bangon don ya ɗaure fuskokin biyu. Irin wannan gwaninta tsohuwa ce a ƙasarmu. Ganuwar Surame, birnin Kanta na Kabi a ƙarni na 16, da dutse aka yi ta, kufanta na nan a Jihar Sakkwato. A Sukur ta Jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, gidan sarkinsu, watau Hidi, da katangun gonakinsu na kan dutse duk jerin duwatsu ne.

Ƙasar da ta zubo daga rufi da bango ba a zubar da ita ba. Ita aka tankaɗe, aka jiƙa, aka tattaka da ciyawa, aka bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sa'an nan aka buga sabon tubali da ita. Ƙasar da magini na fari ya zaɓa ta riga ta ci jarrabawa. Simintin gabas duka aka ɓamɓare, aka bar bangon ya sha iskar hunturu, aka cike shi kaɗan kaɗan, kowane sahu sai ya bushe a ɗora wani.

Wajen yaɓe mun sha wuya. Maginan dā suna da laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofi, da gashin jima na majema, da ruwan dafara. Ba ya barin ruwa ya shiga. Amma karofin ƙauyuka yawancinsu sun mutu, katsi sai an je irin su Ƙofar Mata a Kano. Muka koma ga makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda matan ƙungiya suka tara tun lokacin ɗiban kalwa. Shi aka kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, da shi kuma aka yi daɓe. Masu sare ɗorawa don gawayi su lura, ba daddawa kaɗai suke hana mu ba.

Zancen rufi

A nan aka sake gardama. Azarar zaure da ta soro ɗaya lafiyarsu ƙalau, gama itacen giginya gara ba ta cinsa da sauƙi. Abin da ya kashe ɗaya soron indararo ne da ya toshe, ruwa ya kwanta a kai damina bayan damina. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, sai an yi mata dabarar jeri ko baka, masu wannan sani kuwa sun yi ƙaranci, giginyar ma ta yi tsada.

Aka daidaita a kan haka: zaure da soron da ke tsaye a bar su da rufinsu, a sake musu indararo masu tsawo, a sa duwatsu inda ruwan ke sauka. Soron da ya rufta a yi masa kwano, a bar bakin kwanon ya zarce bango sosai, a shimfiɗa zana a ƙarƙashi don zafi. A ganinmu wannan ba laifi. Kwano a sama yana kare bangon ƙasa, siminti a jikinsa ne ke kashe shi. Azarorin da suka tsira daga ɓaraguzai aka jingine su a zaure don gyaran gaba. A soron kwano za a ajiye taki, a kan katako, nesa da bango, domin takin zamani yana jawo laima yana kuma cin ƙarfe. Hatsi ya tafi soron ƙasa, inda ya fi sanyi.

Labarin gidan

Tarihin sarauta a rubuce yake. An san masarautar Kazaure ta kafu a 1819 a hannun Ɗantunku, ɗansa Dambo ya gaje shi a 1824. A Kano an adana Gidan Makama, an adana Gidan Ɗan Hausa inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makaranta a Nasarawa a 1909. Amma gidan manomi ba wanda zai zo daga birni ya rubuta labarinsa. In ba mu yi ba, ya tafi tare da tsofaffinmu.

Domin haka kafin a sa hannu a aiki aka ɗauki hoton kowane bango da waya, ciki da waje. Magatakarda ya sayi littafi, ya tafi wurin wata tsohuwa da aka kawo ta gidan tana amarya. Kwana uku yana zuwa da yamma. Iya ba ta san shekarar da aka yi ginin ba da lissafin boko, amma ta san surukinta ne ya gina da kuɗin gyaɗa, lokacin da ake lodin buhuna a kan jakuna zuwa wurin awo. Ta san ɗakin da aka haifi kowane yaro. Ta nuna inda aka ɓoye damman gero a farin 1973, shekarar da aka canja kuɗi zuwa Naira. Haka ake kama shekaru a bakin tsofaffi: a tambaye su wane sarki ke kan gado, wace yunwa aka yi, wane kuɗi ake kashewa.

Ita ce ta hana a toshe alkukin da ke zaure, inda baƙin hayaƙin fitila yake har yanzu. Ita ce kuma ta gane wani dutse mai kwarmi da ke cikin harsashi, ta ce dutsen niƙan uwar mijinta ne da ya huje, magini ya sa shi a gini. An bar fuskarsa a buɗe ba a yaɓe ba. Tsohon ƙyauren zaure, mai maɗaurai na ƙarfen maƙera, kafinta ya so ya canja shi da na kwano. Aka ce ya canja katako ɗaya da ya ruɓe, ya bar saura. Sabon katakon ya fi sauran haske, ba a kuwa shafa masa kome don ya saje ba. Wanda ya zo nan gaba zai gane abin da aka tarar da abin da aka ƙara.

Sauran magana ɗaya, wadda da an manta da ita da aikin duka ya zama rigima. Gidan na gado ne, wanda ya ba da shi kuwa ba shi kaɗai ne magaji ba, yana da 'yan'uwa mata da suka yi aure a Gwiwa da Kazaure. Aka dakatar da gayya mako biyu har aka kira su duka, aka rubuta takarda a gaban dagaci: gida na magada ne, ƙungiya ta ara na shekarun da aka ambata, gyara a wuyanta, ba kuwa za ta rushe ko ta canja kome ba sai da yardarsu. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Kwafi ɗaya yana wurin dagaci, ɗaya a akwatin ƙungiya tare da littafin labarin Iya.

A cikin dokokin ƙungiya an ƙara layi guda: kowace shekara kafin ruwan fari, rana ɗaya ta gayya ce a gidan gona. A hau sama a share indararo, a cike tsaga, a duba gara, a sake wa bangon gabas yaɓe. Wanda bai zo ba zai kawo kwando ɗaya na ɓawon ɗorawa. Maginin ya roƙi a ba shi samari biyu su riƙa binsa a wannan rana, an kuwa ba shi, ɗayansu shi ne wanda ya fara cewa a rushe.