Taswirar Tunani: Hanyar Shirya Jawabi Ba Tare da Hadda Ba

A makarantar kwana irin tamu, da wuya ɗalibi ya gama karatunsa bai taɓa tsayawa gaban jama'a ya yi magana ba, ko a kulob ɗin muhawara, ko a cikin aji, ko kuwa ranar rarraba kyaututtuka, lokacin da iyaye suka cika zaure. Yawancin ɗalibai sukan rubuta jawabi shafi biyu ko uku, su yi ta haddarsa kalma bayan kalma. Illar hadda kuwa ita ce, tana kama da duwatsun wuya da aka shirya a zare. Da zaren ya tsinke a wuri ɗaya, sai dukansu su watse. Shi ya sa za ka ga yaro mai ƙoƙari ya manta jimla ɗaya tak, ya tsaya yana kallon rufi, gumi na karyo masa, alhali kuwa ya san abin da zai faɗa.

Akwai wata dabara da ke maganin wannan, ana kiranta taswirar tunani. Wani Baturen Ingila mai suna Tony Buzan, wanda ya rasu a 2019, shi ya yaɗa ta cikin wani shirin talabijin na BBC a 1974. Ba ta bukatar komai sai farar takarda da fensir.

Ga yadda ake yinta. A ce malamin kimiyya ya ba ka minti biyar ka yi bayanin zazzaɓin cizon sauro. Sai ka kwantar da takardar, ka rubuta sunan cutar a tsakiya, ka kewaye shi. Daga nan ka ja manyan rassa huɗu kamar na itacen kuka, kowane da kalma ɗaya a kansa: sanadi, alamomi, rigakafi, magani. Kowane reshe kuma ya fitar da ƙanana. A reshen sanadi ka rubuta "macen sauro" da "Ross, 1897", don ka tuna cewa a wannan shekara ce likita Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro a ƙasar Indiya. A na alamomi ka sa zafin jiki, rawar sanyi, ciwon kai, amai. A na rigakafi ka zana ɗan gidan sauro da kwata, domin hoto ya fi rubutu saurin zama a ka. A na magani ka sa gwajin jini da asibiti. In kana da biro ja da shuɗi, ka ba kowane reshe launinsa.

Kada rassan su yi yawa. Tun a 1956 wani masani Ba'amurke, George Miller, ya bayyana cewa abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda ba su cika wuce bakwai ba. Saboda haka huɗu ko biyar sun isa, don kai da masu sauraronka duka ku iya riƙe su.

Da ka gama zane, sai ka ba rassan lamba, ka bi su kamar yadda hannun agogo ke tafiya. Ka raba lokacinka: minti ɗaya ga kowane reshe, sauran minti ɗayan na gaisuwa da rufewa. Sa'an nan ka gwada a gaban abokanka a ɗakin kwana sau biyu ko uku. Za ka lura kalmominka suna canzawa kowane karo, amma hanyar tana nan daram. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai ya kamata ka haddace.

Amfaninta ya fi bayyana ran jawabin. Takarda ɗaya ce a hannunka, ka dube ta sau ɗaya ka ɗaga kai ka fuskanci jama'a. In wata kalma ta kuɓuce maka, sai ka kawo wata. In mai riƙe da agogo ya buga ƙararrawa, ka bar ƙananan rassa ka ƙarasa da manya. In aka jefo maka tambaya, ka san reshen da amsarta take.

Sai dai fa a sani, taswira ba ta maye gurbin karatu. Wanda bai shiga laburare ya yi bincike ba, ba shi da abin da zai rataya a rassan.

Ina roƙon iyayenmu, in mun zo hutu, ku sa mu yi muku bayanin darasi ɗaya daga irin wannan takarda. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku jarraba ta a muhawara mai zuwa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.