Ba Kowane Raunin Garkuwar Jiki Ba Ne Ƙanjamau

Da zarar yaro ya rame, gudawa ta ƙi tsayawa, tari ya tafi ya dawo, sai ka ji an fara ƙus-ƙus a gidan suna: "Anya ba ciwon nan ba ne?" Kafin a kai shi asibiti an riga an yanke wa uwarsa hukunci. Wannan zargi yana ƙona mini rai, domin gwajin jini ya isa ya raba gardama, kuma abubuwan da ke karya garkuwar jiki suna da yawa.

Babbansu a duniya yunwa ce. Yaron da tamowa ta kama ba ya da abin da jikinsa zai ƙera sojojin da ke yaƙi da cuta. Sai ƙyanda, wadda muke rainawa. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna tana iya shafe kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na sinadaran kariya da jikin yaro ya tara. Kamar mai gadin unguwa ne da ya san fuskar kowane ɓarawo, aka wayi gari ya manta su duka. Shi ya sa yaro kan warke daga ƙyanda, ciwon huhu ya ɗauke shi bayan wata biyu. Ga ciwon sukari, ga sikila da ke lalata saifa tun ana ƙanana. Ga kuma wadda muke sayowa da kuɗinmu: ƙwayoyin ƙiba irin dexamethasone, waɗanda 'yan mata ke karɓa a kemis ba takardar likita. Aikin maganin nan danne garkuwar jiki ne, kuma hukumomi na kallo ana sayar da shi kamar alewa.

Akwai kuma na gado, nau'i fiye da 400. Mafi tsanani shi ne wanda likitoci ke kira SCID. David Vetter, wanda aka haifa da wannan ciwo a Houston ta Amurka a 1971, ya yi kusan dukan rayuwarsa cikin kejin roba da ƙwayar cuta ba ta shiga, ya rasu a 1984 yana ɗan shekara 12. Yau, in aka yi dashen ɓargo a watannin farko, fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin jariran nan suna rayuwa, kuma tun 2018 kowace jihar Amurka tana gwada jarirai da zarar an haife su.

Mu kuwa sai mu ce wabi ne. Wasu nau'o'in maza suka fi kamawa, wasu kuwa sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar halittar, alhali lafiyarsu ƙalau. A nan kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana sa masu ɗauke da ita su fi haɗuwa. Ba wanda ya yi laifi.

In jariri ya yi ciwon huhu sau biyu a shekara, ko kunne ya yi ta zubar da ruwa, ko farin baki ya ƙi warkewa, ko an yi wata biyu ana shan magani ba sauƙi, a nemi likitan yara a asibitin koyarwa. In kuma an taɓa rasa jarirai a gidan ta wannan hanya, a faɗa wa ma'aikaciyar lafiya kafin allurar BCG, domin ƙwayar cikinta rayayya ce kuma tana iya cutar da irin wannan jariri. Sauran yaran gidan kuwa a cika musu rigakafinsu bisa shawarar likita, domin in ba su kwaso cuta ba, ba za su kawo masa ba.