Kuɗin Guzuri: Asarar da Ba a Rubutawa a Rasit

Mutum zai shafe makonni yana neman tikitin jirgi mai rangwame, ya ja da kamfanin shirya tafiya har sai an rage masa kuɗin otal, amma ranar da zai canza nairarsa zuwa dala ko riyal sai ya miƙa kuɗi ya karɓi abin da aka ba shi, ko uffan bai ce ba. A nan kuwa asarar take. Babu wanda zai rubuta masa ita a rasit, domin a cikin farashin canjin aka cusa ta. Ko Umra za ka, ko hutu Dubai, ko kai iyali Alƙahira ko Istanbul, wannan lissafin ya shafe ka.

Kowane ɗan canji farashi biyu gare shi: wanda yake saye da wanda yake sayarwa. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ribarsa, kuma halaliyarsa ce, tunda ba sadaka ya fito yi ba. Aikinka shi ne ka san faɗin tazarar. Idan ta yi faɗi da yawa, kai ake ci. Kada allon da aka rubuta wa "babu la'ada" ya ruɗe ka, la'adar tana nan, an dai mayar da ita cikin farashi ne. Tambaya ɗaya ce ke warware komai: "Alhaji, idan na ba ka kaza, nawa zai shigo hannuna?" Wannan adadin za ka ɗauka ka kai wa na gaba ka ji nasa.

Masu zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna da ma'aunin da yawancinsu ba sa amfani da shi. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala a kan riyal 3.75, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma dirhaminta yana kan 3.6725 tun 1997. Ke nan farashin riyal na gaskiya a Kano ba wani sirri ba ne: ka raba farashin dala da 3.75. A ce, alal misali, dala tana naira 1,500. Riyal ɗaya bai kamata ya yi nisa da naira 400 ba. Idan aka ce maka 425, to a kan riyal 5,000 ka yi asarar naira 125,000, gara ka sayi dala ka canza a can. Idan kuma aka ce 403, sayi riyal ɗin ka huta. Haka nan in ka isa Makka ko Madina da dala 1,000, ka san riyal 3,750 ne asalin darajarta. Wanda ya ba ka 3,730 ya ɗauki ladan aikinsa. Wanda ya ba ka 3,600 ya yanke ka.

Dalilin yin wannan lissafin shi ne kowane canji sai ya ɗan zaftare kuɗin, tamkar hatsin da ake juyewa daga buhu zuwa buhu, kowace juya da abin da ke zubewa ƙasa. Naira zuwa dala zaftara ɗaya ce, dala zuwa kuɗin ƙasar da ka je ta biyu, in ka dawo da saura ka mayar naira ta uku. Shi ya sa mai zuwa Faransa ko Italiya yuro ya kamata ya nema tun daga gida, ba dala ba. Ga mutumin Maraɗi ko Damagaram abin ya fi sauƙi, domin sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Sai dai a tuna sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin daban, ta Kamaru da Chadi daban; darajarsu ɗaya, amma mai shago a Garwa ba lallai ya karɓi ta Yamai ba, kuma mai canza maka sai ya cire nasa.

Masar da Turkiyya labarinsu daban. Kuɗinsu ba a ɗaure yake ba, faɗuwa yake yi. A watan Maris na 2024 Masar ta saki fam ɗinta, a rana guda dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50. Lira kuwa ta daɗe tana zamewa shekara bayan shekara. A irin waɗannan ƙasashe ka riƙe dalarka, ka riƙa canza ta kwana biyu ko uku, kuma a banki ko shagon canji mai lasisi. A Masar canjin bayan fage laifi ne da ake kama mutum a kansa, kuma tun bayan sakin fam ɗin babu wata riba a cikinsa da ta kai a yi kasada.

A gida Najeriya fa, ina za a saya? Da can, lokacin da farashin gwamnati da na kasuwar bayan fage suke hannun riga, samun kuɗin guzuri daga banki sai mai uwa a gindin murhu. Tun watan Yunin 2023 da Babban Banki ya haɗe farashin ya bar kasuwa ta yi halinta, tazarar ta ragu ƙwarai, don haka bankinka ya cancanci ka leƙa. Abin da suke kira PTA, na mai tafiyar ƙashin kansa, dala 4,000 ne a kowane wata uku. BTA na ɗan kasuwa dala 5,000. Za a nemi fasfo da biza da tikitin zuwa da dawowa da lambar BVN. A watan Fabrairun 2024 Babban Bankin ya umarci a riƙa zuba kuɗin a kati maimakon ba da tsaba, kuma irin waɗannan ƙa'idoji suna yawan sauyawa, saboda haka ka je da wuri ka ji wadda ake kai, kada ka bari sai ana gobe tafiya. In kuma Wapa za ka a Kano, ko Zone 4 a Abuja, shiga ofis, ka zauna, a ƙirga a gabanka, ka karɓi rasit. A watan Maris na 2024 Babban Banki ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya, don haka allo a ƙofa ba shaida ba ne. Kuma tunda buƙata takan yi yawa gab da aikin Hajji da Umrar azumi, wanda ya san zai yi tafiya gara ya riƙa saye kaɗan-kaɗan tun da sauran lokaci.

Takardar kuɗin ma ba duka ɗaya ba ce. A dokar Amurka duk dalar da ta taɓa bugawa tana aiki, amma ɗan canjin Jidda ko Dubai ba dokar Amurka yake bi ba. Takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda ta fito a 2013, ita ce ake karɓa ba gardama. Tsofaffi, da masu tambari ko rubutun biro ko ɗan yagewa, ko a ƙi su ko a karya musu farashi, haka ma 'yan goma-goma da ashirin-ashirin a wurare da yawa. Masu zuwa Ingila su lura: tun bayan 30 ga Satumba 2022 fam 20 da fam 50 na takarda sun daina aiki a shaguna, na leda ake karɓa. Wanda aka haɗa da tsofaffin sai ya nemi banki a can.

Filin jirgi kuwa, ka canza na mota da shayi kawai. 'Yan canjin can sun san ba ka da zaɓi, kuma hayar shagonsu tana da tsada. A cikin gari za ka fi samun farashi.

Sai batun kati, wanda nan ne ma masu ilimi suka fi faɗawa. A 2022 bankuna da dama suka rufe amfani da katin naira a waje, a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Tambayi naka iyakarsa da farashin da yake yanka, in kuma kana da asusun dala, katinsa ya fi kwanciyar hankali. Tarkon yana jikin na'ura. Ka sa kati a otal ko a ATM, sai ta tambaye ka: a cire da kuɗin ƙasar, ko a cire da dala? Har ta nuna maka adadin, ka ga kamar an kyauta maka. Ƙi dalar. In ka yarda, kamfanin na'urar ne zai yanka farashi, kuma kusan kullum ya fi na Visa ko Mastercard tsada. Zaɓi riyal a Saudiyya, dirhami a Dubai, lira a Istanbul. In mai shago ya danna maka ba shawara, ce masa ya soke ya sake. Kuma tunda ATM da yawa suna cajin kuɗi tsayayye a kowane cira, cira babba sau ɗaya ta fi ƙanana sau biyar.

Malamai sun daɗe suna karantar da cewa musayar kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, kafin a rabu. Ko ba don tsoron riba ba, wannan sharaɗin kariya ce. Mai ce maka a WhatsApp ka tura naira yanzu, wani zai kawo maka riyal masauki in ka sauka, a farashin da ya fi na kowa sauƙi, ka tambayi kanka a ina shi yake samu. Araha ba ta ado.

Akwai kuma doka. Fita ko shigowa Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa, dole ka bayyana wa jami'an kwastam. Tarayyar Turai yuro 10,000 ne, Dubai abin da ya wuce dirhami 60,000. Bayyanawa ba haraji ba ce, takarda ce za ka cike. Ɓoyewa ce ke jawo ƙwace kuɗi da gurfana a kotu. Kada kunya ta sa ka karɓi ƙunshin kuɗin wani "don Allah ka miƙa wa ɗan'uwana", domin a gaban jami'i na wanda aka kama da shi ne.

Idan tafiya ta zo ƙarshe, kashe sulalla kafin ka hau jirgi, babu ɗan canjin da zai karɓe su a gida. Ragowar lira da fam ɗin Masar ka mayar da su dala tun kana can. Riyal da dirhami kuwa, in kana sa ran komawa, ajiye su. Daidai suke da ajiye dala, kuma ka tsira daga zaftara biyu, ta sayarwa yanzu da ta sake saye baɗi.