Me ya sa lasifika ke yin shiru a Premiere Pro?

Ka jona lasifika da kwamfuta, YouTube na fitar da sauti lafiya lau, amma da ka buɗe Premiere Pro sai tsit. Kada ka yi saurin zargin kebul. Manhajar tana da nata zaɓin inda sauti zai fita, daban da na Windows. Shiga Preferences, sannan Audio Hardware, ka mayar da Default Output kan lasifikarka. Sau da yawa allon da aka jona ta HDMI ne ke ƙwace sautin, alhali wani allon ma ba shi da lasifika. In kuma sautin yana kakkatsewa, daidaita Windows da manhajar a kan 48 kHz, ma'aunin da aikin bidiyo ya saba da shi, ba 44.1 na faifan CD ba.