DOKI MAI CIWON KOFATO: A SA MASA TAKALMI KO A BAR SHI?

Zuwa ga Hakiman ƙasar Hadejia da malamansu.

Idan doki ya soma ɗingishi, ko kuwa yana taka ƙasa da tsoro, akan sami mai ba da shawara a buga masa takalmin ƙarfe. Kafin a kira maƙeri wajibi ne a san abin da ya kawo ciwon, gama babban aikin takalmi shi ne ya hana kofato cinyewa a kan ƙasa mai tauri. Ba ya warkar da cuta, sau da yawa ma rufe ta yakan yi.

Tun zamanin kakanni dawakin ƙasar Hausa ba takalmi suke tafiya, kuma ba su rasa kome ba. Kofato yakan tsiro kamar sulusin inci a wata, ya sabunta duka cikin wata 9 zuwa 12. A jigawa irin ta Birniwa da Kaugama, abin da rairayi ya goge daidai yake da abin da ya tsiro. A can dokin da ake gyara wa kofato da wuƙa ba shi da bukatar ƙarfe.

Fadama dabam take. A Auyo da Guri da Kiri Kasamma doki yakan wuni cikin taɓo da damina, kofato ya jiƙe ya yi laushi. Da rani ya shigo sai laka ta bushe ta tsattsage, sawun shanu ya sandare kamar dutse, dokin da ƙafarsa ba ta gama ƙwari ba ya taka ya ƙuje. Har wa yau, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ana sako ruwa cikin kogi ko da rani, saboda haka akwai wuraren da ba su bushewa shekara duka, inda kacalla ta cinye. Ambaliya irin ta 2022 kuwa har cikin barga takan bi doki.

To, a ɗaga ƙafar, a yashe ta, a duba. In tsakiyar kofato, wurin nan mai taushi mai kama da kan mashi, ta yi baƙi tana wari, ruɓa ce ta tsayuwa cikin danshi da kashi. Maganinta busasshen turke, da zuba sabon yashi, da wanke ƙafar kullum. Wanda ya buga takalmi a kan wannan ya tara wa ruɓa abinci.

In ƙafa guda ce ta yi zafi, ɗingishin kuwa ya zo farat ɗaya, a nemi ƙaya ko ƙusa ko mugunya da ta taru a ciki. Wannan aikin likitan dabbobi ne, ya buɗe wurin, ya kuma yi allura, domin doki yana cikin dabbobin da cutar sarƙewar haƙora ta fi saurin kamawa ta irin wannan rauni.

Akwai kuma wanda ya fi su hatsari. Doki yakan tsaya ya miƙa ƙafafun gaba, ya mai da nauyinsa baya, kofatan gaba duka biyu da zafi, ya ƙi motsi. Yawanci gero ko dawa ne suka yi masa yawa, kuma dawakin manya ya fi samu, waɗanda ake ɗura wa hatsi gab da Salla don su yi ƙiba alhali kuwa a turke suke kwana su wuni. A janye hatsin nan take, a bar shi da ciyawa, a tsai da shi a kan yashi mai laushi, a sanyaya ƙafafun da ruwa, a aika wa likita ran nan. Kada a tilasta masa tafiya.

Saura dokin da ƙafarsa lafiya lau, sai dai aiki a kan kwalta ko marmara ya cinye kofaton fiye da yadda yake tsirowa. Shi ne takalmi zai amfana, shi ma da sharaɗi. Lalle mai bugawa ya zama gwani, domin ƙusa in ta kauce kaɗan ta shiga nama. Lalle kuma a cire takalmin bayan kamar mako 6, a datse kofato, a mayar. Wanda ba zai iya wannan hidima ba gara kada ya fara. A tuna kuma ƙarfe yana santsi a kan kwalta, laka kuma takan tsotse shi ta fizge, ta tafi da ɓarin kofato. A ganina dokin da hawan Salla kaɗai ke kai shi bisa kwalta bai cancanci ƙusa ba. A riƙa zagayawa da shi a kan ƙasa mai ɗan tauri tun da sauran makonni, ƙafar ta saba. Akwai kuma takalmin roba na ɗaurawa, wanda ake kwancewa bayan an sauka, ga wanda ya same shi.

Ana roƙon malaman Hakimai su karanta wa masu kula da barga wannan takarda. In za a aika wa likitan dabbobi, a rubuta ranar da ɗingishin ya fara, da ƙafar da ke ciwo, da mudun hatsin da dokin ke ci kullum.