'Yar Nijeriya Ta Ciyo Wa Sparks Kofi A Amurka

Tun 2002 rabon ƙungiyar ƙwallon kwando ta mata ta Los Angeles Sparks da ɗaukar kofin WNBA. Sai a 2016 Allah ya yanke mata wahala.

Ƙungiyar ta buɗe shekarar da cin wasa 11 a jere, ta rufe da cin 26, aka cinye ta a 8. Ginshiƙinta ita ce Nneka Ogwumike, haifaffiyar Texas, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne da suka yi ƙaura can. Cikin jifa uku, kusan biyu kan faɗa kwando, saboda haka aka zaɓe ta gwanar shekara.

A karon ƙarshe suka gamu da Minnesota Lynx masu riƙe da kofin, kowa ya ci wasa biyu. Ran 20 ga Oktoba aka yi raba-gardama a gidan Lynx. Ana dab da tashi, Lynx na gaba da ci ɗaya, Nneka ta yi jifa aka tare. Ta sake cafe ƙwallon ta zura, saura daƙiƙa uku. Aka tashi 77 da 76.

Candace Parker, cikin hawaye, ta sadaukar da nasarar ga malamarta Pat Summitt, wadda ta rasu a watan Yunin shekarar.